Daga askar sarauta zuwa ruwan ɗumi: tarihin wankin kai da tausa a shagunan aski na ƙasar Sin

Baƙon da ya shiga shagon gyaran gashi a Guangzhou, birnin da Faransawa ke ce ma Kanton, inda fataken Afirka ta Yamma ke zuwa sarin kaya, zai tarar ba da almakashi ake fara masa ba. Wani saurayi ko wata yarinya za ta zaunar da shi gaban madubi, ta zuba masa shamfu bisa busasshen gashi, tana ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan daga wata ƴar gorar roba, har kumfa ta taru kamar rawani. Yatsu su yi ta kai da komowa daga goshi zuwa ƙeya. Bayan an ɗauraye kan, sai a bi wuya da kafaɗu da hannuwa da tausa, wani sa'in har a share kunnuwa. Sai an gama wannan duka mai aski ke tasowa. Mutane da yawa ma wankin kaɗai ke kawo su, su biya su tafi ba a taɓa ko silin gashinsu ba.

Al'adar tana da kamar sabon abu na zamanin kasuwa, amma saiwarta na da zurfi. Ta ratsa ta fadar sarakuna da filin yaƙi, kuma a ƙasar Sin an taɓa yin zamanin da yadda mutum ya bar gashin kansa ke yanke hukuncin ko zai kwana da rai.

Gashi amanar iyaye

A koyarwar Konfushiyus, wadda ta tarbiyyantar da masu ilimin Sin fiye da shekaru dubu biyu, jikin mutum da fatarsa da gashinsa kyauta ce daga iyaye, kuma lalata su rashin biyayya ne. Saboda haka namiji baligi ba ya aski. Yakan tara gashin ya ɗaure shi a tsakar ka, ya soke da tsinke. A daulolin Qin da Han aske ma mutum kai na cikin horon da alƙali ke yanke ma mai laifi, don a kunyata shi a idon jama'a.

Dogon gashi kuwa yana son wanki, kuma wankinsa da shanyarsa na cin yini. Hukumar daular Han, wadda ta yi mulki daga shekara ta 206 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa ta 220 bayanta, takan ba ma'aikatanta hutun kwana guda cikin kowane kwana 5, kuma sunan hutun kansa, xiumu, ma'anarsa hutawa da wankin kai. A daular Tang (618–907) an mayar da shi kwana guda cikin 10. Ƙamus ɗin da Xu Shen ya haɗa wajen shekara ta 100 ya nuna harshen yana da kalma dabam ta wankin kai, dabam da ta wankin jiki, da ta hannu, da ta ƙafa. Akan yi wankin da ruwan da aka wanke hatsi da shi, ko da ƴaƴan wata itaciya mai kumfa da ake kira zaojiao, a kudu kuma da tunkuzar ƴaƴan shayi. Har yanzu matan ƙabilar Yao na ƙauyen Huangluo, a lardin Guangxi, da tsimammen ruwan shinkafa suke wanke gashinsu, wanda ya yi suna wajen tsawo.

Ita ma tausa ta daɗe tana da daraja. A daulolin Sui da Tang, makarantar likitocin fada na da sashe na musamman na tausa, da malamansa da ɗalibansa. A shekara ta 1571, cikin daular Ming, aka soke wannan sashe. Ilimin bai mutu ba, ya dai sauko daga fada ya shiga gidajen wanka da hannun masu gyaran gashi. Su waɗannan masu gyara sun riga sun zama ƴan sana'a tun daular Song (960–1279): suna taje gashi, su tuge furfura da hantsaki, su gyara gemu. Abin da ba su yi shi ne aske kan namiji mai ƴanci.

Dokar shekara ta 1645

A shekara ta 1644 Mancu, mutanen arewa maso gabas, suka shiga Pekin suka kafa mulkin daularsu ta Qing a ƙasar Sin. Su al'adarsu aske gaban kai, a kitse na baya ya zama jela. Dorgon, wanda ke riƙe da mulki a madadin yaron sarki Shunzhi, ya fara umartar Sinawa su yi wannan aski tun a shekarar, da ya ga alamar tawaye sai ya janye. Bayan Nankin ta faɗi a 1645 ya maido da dokar da ƙarfinta: kwana 10 aka ba kowane namiji daga ranar da takardar ta iso garinsu. Mutane suka taƙaita ta da cewa wanda ke son kansa ya rabu da gashi, wanda ke son gashinsa ya rabu da kai. Mata ba su shiga ciki ba, haka ma limaman addinin Buda da na Tao.

Garuruwan da suka riga suka miƙa wuya sai ga su sun tashi. Jiangyin ta jure ma ƙawanya kwana 81 kafin a ci ta a karkashe mutanenta. A Jiading sau uku sojoji na shiga suna kisa cikin wannan shekara. Ga Dorgon askin hanya ce ta gane mai biyayya da ido tun daga nesa. Ga wanda aka aske kuwa cin amanar uwa da uba ne da aka tilasta masa.

Daga wannan jini ne sana'ar aski ta Sin ta samu kasuwarta. Gashin goshi ba ya daina tsirowa, saboda haka kowane namiji a daular, daga manomi har waziri, ya zama dole ya nemi aska kusan kowane kwana 10, har tsawon shekaru 267. Sarauta kuma ba ta sake ido bisa kan talakawa ba. Idan sarki ko sarauniya ta rasu akan hana aski kwana 100, masu sana'ar su zauna ba aiki. A 1748, bayan rasuwar sarauniya Xiaoxian, sarki Qianlong ya yi ma wasu manyan ma'aikata horo mai tsanani don sun yi aski kafin wa'adin ya cika. A 1768 jita-jita ta bazu cewa matsafa na yanke bakin jelar mutane don su sace kurwarsu, sarkin ya ɗauki abin a matsayin ƙullin tawaye ya sa aka yi ta kame, kamar yadda masanin tarihi Philip Kuhn ya bi diddigi a littafinsa na 1990. Ƴan tawayen Taiping kuwa, da suka tashi a 1851, alamarsu ta farko ita ce barin gashi ya tsiro, shi ya sa hukuma ke kiran su masu dogon gashi.

Wanzami mai sanda a kafaɗa

Mai askin zamanin Qing a kafaɗa yake ɗauke da shagonsa. Sanda ce ta gora: a ɓari guda murhun gawayi da tasar tagulla ta ruwan zafi, a ɗaya ɓarin ƴar kujera mai aljihuna inda yake ajiye asake da mataji. Daga nan Sinawa suka samu karin maganar da ke kwatanta son da ɓangare guda kaɗai ke yi da kayan mai aski, wai gefe guda ne ke da zafi. A Pekin ba ya kiran ciniki da baki. Yana da wani ƙarfe mai baki biyu kamar hantsaki, in ya ja ƙusa ta tsakiyarsa sai ya yi ƙugi mai nisa, mutanen lungu su san ya iso. Ƴan sana'ar suna da waliyyinsu, Luo Zu, wanda suke tunawa a rana ta 13 ga wata na 7 na kalandar wata.

Wankin kai da ruwan zafi wajibi ne a wannan aiki, don sai gashi ya yi laushi aska ke bi ba tare da ta yanki fata ba. Jela kuma sai an warware ta, an taje, an sake kitsawa. Mutum yakan daɗe a zaune wuyansa a sunkuye, shi ya sa in an gama sai mai askin ya bi shi da matsa da bubbuga daga ƙeya zuwa gadon baya. Tsofaffin Pekin sukan lissafa fannoni 16 da cikakken gwani ya kamata ya iya, a cikinsu har da sharar kunne, rage gashin hanci, rina gemu da gyaran targaɗe. Mai karatu da ya san wanzamin ƙasar Hausa, wanda ke aski kuma yana ƙaho, ba zai yi mamakin yadda aska da magani suka haɗu a hannu guda ba.

Duk da wannan gwaninta, ana ƙidaya mai aski cikin masu ƙasƙantattun sana'o'i, tare da ƴan wasa da masu hidimar gidan wanka. Garin da ya fi fito da gwanayen shi ne Yangzhou, wanda sojojin Mancu suka yi ma kisan kiyashi a watan Mayu na 1645, ya kuma farfaɗo da dukiyar attajiran gishiri. Attajiran na son a yi musu hidima, sai garin ya shahara da wuƙaƙe uku: ta mai dafuwa, ta mai yankan farcen ƙafa, da askar mai aski.

Jela ta faɗi, shago ya tashi

Hausawa na cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Da juyin juya hali ya tashi a 1911, samari suka riƙa tsare ƙofofin gari da almakashi suna datse jelar manoma da ƙarfi, wasu na kuka suna roƙo a bar musu. Abin da kakanninsu suka mutu don su ƙi shi ya riga ya zama al'ada. A watan Maris na 1912 Sun Yat-sen ya ba da umarnin kowa ya yanke jelarsa cikin kwana 20. Janar Zhang Xun ya ƙi, shi da sojojinsa, har a watan Yuli na 1917 ya maido da yaron sarki Puyi bisa karaga, mulkin da bai wuce kwana 12 ba. Marubuci Lu Xun ya ba wannan ruɗani gajerun labarai biyu a 1920.

Rashin jela ya kashe rabin aikin mai sanda. Sabon aski na almakashi da injin hannu ya fi son shago mai madubi da kujera mai kwantawa, irin na Turawa. Shangai ce ta ja gaba, kuma akasarin masu askinta ƴan Yangzhou ne da suka zo da tsohuwar gwanintarsu ta tawul mai zafi da matsar kafaɗa. A shekarun 1920 ƴan mata masu karatu suka fara rage gashi, a shekarun 1930 nannaɗe gashi da lantarki ya zama yayi, mata suka shiga shagon da a da na maza ne kaɗai. Shahararren shagon nan mai suna Nanjing an buɗe shi a 1933. A nan ne wankin kai ya fara zama abin da ake saye don jin daɗi.

Zamanin da jin daɗi ya zama laifi

Bayan 1949 gwamnatin kwaminis ta shigar da shagunan hannun hukuma, aikin da ya kammala a 1956. A wannan shekara aka ɗauko shaguna huɗu daga Shangai, da ma'aikatansu da kayan aikinsu, aka haɗe su a Pekin da sunan Silian, wato haɗin huɗu, shagon da har yanzu ke aiki a unguwar Wangfujing. Mai aski ya zama ma'aikaci mai albashi, kuma wannan ya ɗaga darajarsa fiye da yadda ta taɓa kaiwa.

A 1966 juyin al'adu ya sake mayar da kai fagen siyasa. Jajayen dogarai, waɗanda akasarinsu ƴan lakkol ne, suka bi tituna suna yanke kitson mata da duk gashin da suka ga ya yi kama da na ƴan jari-hujja. Malaman makaranta da sauran waɗanda aka zarga akan aske musu rabin kai a bar rabi, a zagaya da su gaban taro. Shaguna suka daina nannaɗe gashi, tausa da sharar kunne suka zama hidimar da ake gani ta bautar masu kuɗi. Sai a ƙarshen shekarun 1970 nannaɗar ta komo a hankali, da farko ma sai mace ta kawo takarda daga ma'aikatarta da ke shaida aikinta na bukatar hakan.

Kasuwa ta buɗe

Gyaran tattalin arziki da Deng Xiaoping ya jagoranta daga 1978 ya ba mutum damar buɗe ƙaramar sana'a ta kansa. Aski na cikin masu sauƙin jari: ɗaki guda, madubi, kujera. Mutanen Wenzhou suka bazu da shagunansu har garuruwan arewa, yayin da Guangzhou ke kwaso yayin Hong Kong da Taiwan. Wankin zaune da aka bayyana a farko, wanda Sinawa ke kira busasshen wanki, Taiwan ce ta yi suna da shi. Daga baya aka ƙaro na kwance bisa gado mai kwano a wajen kai, wanda shagunan ke tallata da sunan wankin Tailan. A 1988 kamfanin Procter & Gamble ya kafa masana'anta a Guangzhou ya fito da Head & Shoulders, shamfu ya fara maye gurbin sabulu da garin wanki.

Dalilai uku suka sa abin ya kama. Gidaje da yawa a birane a lokacin ba su da ruwan zafi na famfo, ga sanyin hunturu. Shaguna sun yi yawa, kowa na neman abin da zai riƙe mai ciniki, rabin awa na tausa kuwa ba ya cin kayan aiki. Na uku, kuma mafi nauyi, hannun ma'aikaci ya yi araha, domin ƙauyuka sun fara kwararowa birni.

Masu wankin sukan ce suna bin wuraren da likitancin gargajiya ya ambata: baihui a tsakar ka, fengchi a ramin ƙeya, taiyang a gefen ido. Wannan ya haɗa su da babbar sana'ar tausa ta ƙasar, wadda makafi suka yi fice a cikinta, kamar yadda littafin Bi Feiyu mai suna Tuina, na 2008, ya nuna, littafin da ya ci kyautar Mao Dun a 2011. Shagunan da suka yawaita a ƴan shekarun nan da sunan jinyar kai, waɗanda hotunansu ke yawo a Douyin da TikTok, sukan yi alkawarin tsayar da sanƙo da gyara barci. Abin da ya tabbata dai shi ne tsabta da sakin jiki. Akwai ma abin kiyayewa: a 1993 likitan jijiya Michael Weintraub, a Amurka, ya bayyana wasu mata masu shekaru da suka samu shanyewar jiki bayan an tanƙwara wuyansu baya bisa kwanon wanki. Matsalar ba ta cika aukuwa ba, amma ita ce dalilin da ya sa ake sa matashi ƙarƙashin wuya.

Hannuwan da ke wanki

Wanda ke wankin galibi yaro ne ko yarinya daga ƙauye da ba su yi nisa a karatu ba. Suna cikin ƴan ci-rani na cikin gida, waɗanda hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta lissafa kusan miliyan 300 a 2024. Tsarin rajistar mazauni da aka kafa a 1958 ya daɗe yana hana irinsu cikakken haƙƙin makaranta da asibiti a birnin da suke aiki. A shago wanki shi ne matakin farko: almajiri yakan yi watanni, wani har shekaru, yana wanke kawuna kafin a bar shi ya riƙe almakashi. Yini cikin ruwa da sinadari na sa hannu ya tsage ya yi ƙaiƙayi, cutar da likitocin fata suka sani a wajen masu wannan sana'a ko'ina a duniya.

Wani nauyin na suna ne. A shekarun 1990 wasu ɗakuna masu jan fitila suka riƙa rataya allon wankin kai alhali karuwanci ake yi ciki, ko almakashi babu. Ƴan sanda sun sha kai samame, mafi shahara shi ne na birnin Dongguan a watan Fabrairu na 2014, wanda ya fi shafar otal-otal da gidajen wanka. Amma tabon ya riga ya shafi kowa, har lakabin yarinya mai wankin kai ya zama zagi, dubban ƴan mata masu neman halalinsu suka riƙa ɓoye ma iyayensu irin aikin da suke yi. Shi ya sa manyan shaguna ke sa bangon gilashi da fitila mai haske da tufafin aiki iri guda, don mai wucewa ya ga abin da ke gudana ciki.

Akwai kuma katin biya tun gaba. Yayin da mai ciniki ke kwance kansa cikin kumfa, mai wankin na lallashinsa ya zuba kuɗin wata da watanni don a yi masa rangwame, domin wani kaso na ladanta daga nan yake fitowa. Shaguna da dama sun karɓi kuɗin sun rufe ƙofa dare ɗaya, su bar masu kati da ma'aikata duka a rana. Ma'aikatar kasuwanci ta fitar da ƙa'idojin irin waɗannan katuna a 2012, kotun ƙoli kuma ta ƙara bayanin yadda za a maido ma mutane kuɗinsu a 2025.

Abin da ya rage na tsohuwar sana'a

Mai sanda a kafaɗa ya kusa ɓacewa. A 2006 aka yi fim bisa rayuwar Jing Kui, wani mai askin Pekin da aka haifa a 1913, wanda yana da shekaru sama da 90 yake bin lunguna da kekensa yana ma tsofaffin abokan cinikinsa aski da tausa a gidajensu. Shi ya fito a matsayin kansa, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Goa a Indiya, shi kuma ya rasu a 2014. A gidajen shayi na Chengdu har yanzu masu sharar kunne na yawo tsakanin kujeru suna kaɗa ƙarfensu.

Kalandar ma ba ta manta ba. Mutane da yawa, musamman a arewa, ba sa aski a watan farko na sabuwar shekara, wai yin haka na kashe kawu. Wata fassara da ta yaɗu na cewa kalmomin mutuwar kawu sun yi kama a furuci da na tuna da, watau makokin daular Ming ne da aka ɓoye cikin camfi. Ranar 2 ga wata na 2, wadda ake kira ranar da dodon ruwa ke ɗaga kai, sai shaguna su cika maƙil tun da safe. A 2020 ranar ta faɗo 24 ga Fabrairu, Wuhan na kulle saboda annobar korona, shaguna a rufe. Masu aski suka sa rigunan kariya suka je masaukin likitoci da masu jinya, suka yi musu aski kyauta.